Daminar da ban yi huɗa ba

Akwai maganar da take yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da jikokina, wadda ba a taɓa faɗa mini ita ido da ido ba, amma kunnen tsoho bai mutu ba tukuna. Ana cewa wai shekarar da Innarku ta kwanta, Kabiru ya kawo mata na'urar da za ta riƙa magana da ita, ni kuma don taurin kai irin na mutumin ƙauye na ɗauke na kulle a akwati. Wasunku kuma suna cewa Kabiru ne ya yi fushi ya juya wa uwarsa baya tana kwance. Duka biyun akwai ƙanshin gaskiya a jikinsu, kuma duka biyun ba haka aka yi ba. Taurin kai dai ina da shi, ban musa ba, a wurina kuka gada. Amma tun da hannuna yana iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, don kada in tafi in bar ku da rabin labari.

Ku ƙananan ba ku san Innarku da bakinta ba, sai dai a ba ku labari. Mace ce da muryarta take riga ta isa wuri. Tana madafa za ta ji sallamar mai wucewa a bayan danga ta amsa, ta tambaye shi jikin uwarsa, ta aika masa da gaisuwa zuwa gidan da shi kansa bai yi niyyar zuwa ba. Awaki sun san muryarta, kaji sun sani, ni ma na sani, don ba a rana ɗaya ba ta tashe ni daga gindin bishiyar maina da kira ɗaya. To wannan matar ce wata safiya ta bazara, ana tsananin zafi, ta faɗi a bakin murhu da ludayi a hannunta. A asibitin Kano suka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Tana ji, tana ganewa, idonta yana bin kowa, amma in ta buɗe baki sai wani sauti ya fito da ba ya kama da komai, sai ta yi sauri ta rufe.

Da muka dawo gida aka fara zuwa dubiya, kuma a nan ne na ga abin da ya fi ciwon cin ta. Kun san yadda muke yi. Mace za ta shigo da ƙwaryar fura ko ƙullin goro, ta durƙusa ta ce, ya jiki? Sai ta yi shiru tana jiran amsa, domin haka aka saba, ba a tsallake amsar gaisuwa. Innarku za ta motsa leɓe, ba abin da zai fito, sai wani a gefe ya amsa mata, da sauƙi. Matar da take amsa wa unguwa guda gaisuwa, yau ita ake amsa wa. Ba a daɗe ba ta fara juya fuska ga bango da ta ji sallama. Daga nan ta fara ture kwano. Safiya, autarmu, wadda take koyarwa a firamaren garin nan, ita ce take jinyarta, za ta dama kunu ta yi ta lallashi, da ƙyar a sha ludayi biyu. Likita ya ce jikin zai iya farfaɗowa kaɗan-kaɗan in tana ci. Ni kuwa abin da na gani shi ne matata tana barinmu da ranta, kuma na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Sai maganar Kabiru. Shi ne ɗanmu na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wurin matan zamaninmu. Tun da aka raɗa masa suna Innarku ba ta taɓa faɗar sunan ba. Da aka yaye shi uwata ce ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. In Innarku tana son ya ci abinci sai ta ce wa wani, a kai wa yaron can. Da ya girma sai ta koma cewa yayanku. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa doguwar magana, komai sai ta bakin wani. Ni na san irin son da take masa, don ni nake ganin yadda take tsayawa a bakin zaure duk ranar da aka ce zai zo. Shi kuwa yaro ne da ya yi boko ya zauna birni, ya san al'adar da kansa amma ban tabbata zuciyarsa ta taɓa yarda da ita ba. Aikinsa a Kano haɗa manhaja ne, wato abin nan da ke cikin waya da yake sa ta yi abin da aka umarce ta. Da uwarsa ta kwanta sai ya ajiye sauran ayyukansa ya zauna ya haɗa mata wadda za ta riƙa yi mata magana. Ya zuba duk abin da ya iya a ciki, kamar yadda mutum yake cika wa wanda yake so kwano har ya zube.

Ranar wata Juma'a ya kawo, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, ƙasa tana ƙanshi. Wata babbar waya ce mai faɗi, mu dai allo muka riƙa ce mata. Gida a cike yake da 'yan dubiya, har da Yaya Tanko, babban wana, wanda Innarku ko tari ba ta yi a gabansa. Kabiru ya durƙusa ya ɗora mata allon a cinya, ya kunna. Fuskarsa cike take da ƙananan hotuna kamar an baza kayan koli. Ga kofin ruwa, ga kwanon tuwo, ga magani, ga buta, ga hotunan mutanen gida. Ya nuna mata in ta ja da yatsa wasu hotunan za su sake fitowa, akwai wurin rubutu, akwai wurin kiran waya, akwai karatun Alƙur'ani, akwai ƙararrawar da za ta tuna mata lokacin shan magani. Yana bayani bakinsa har rawa yake don murna.

"A ce ta taɓa ko wanne," ya ce da Safiya, don shi ma ya saba bi ta bakin wani.

Innarku ta ɗaga hannun hagu, wanda ba ta saba aiki da shi ba, yana karkarwa. Ina jin kofin ruwa ta nufa. Yatsan ya zame ya sauka a kan hotona. Sai wata murya ta fito daga cinyarta, muryar wata yarinya 'yar birni da Kabiru ya sa ta karanta kalmomin, ta ce da ƙarfi, a fili, a gaban yayana:

"Haruna."

Tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya, matar nan ba ta taɓa kiran sunana ba, Malam take ce mini ko a ɗaka. Wata daga cikin matan ta rufe baki da mayafi. Innarku ta yi ƙoƙarin janye hannu, sai ya goga fuskar allon, hotunan suka zame, wasu suka fito, muryar ta ce Kabiru, ta ce banɗaki, sai ga ƙararrawar magani ta kama kaɗawa. Yaya Tanko ya miƙe ya ce bari ya je masallaci, alhali an daɗe da saukowa. Ita kuwa ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta ture allon ƙasa, ta juya ga bango. Ranar ko ruwa ba ta karɓa ba.

Wannan shi ne lokacin da na ɗauki allon na sa a akwati, kuma kwana ɗaya tak ya yi a ciki, ba damina guda ba kamar yadda ake faɗa. Washegari na kira Kabiru gindin maina a ƙofar gida. Kun san sana'ata ban da noma ita ce horar da shanun huɗa, mutane daga Ɗambatta har gaba suna kawo mini 'yan bijimai in koya musu aiki. Ban san wata hanyar bayani ba sai tawa, don haka na ce masa ɗan bijimin da za a koya wa huɗa ba a nuna masa garma. Da farko igiya ce kawai, a riƙa zagawa da shi har ya daina fizga. Sannan a ɗora masa karkiya, itacen nan na wuya, babu komai a bayanta. Sai ranar da ka ɗauko karkiya ya matso da wuyansa da kansa, sannan ka ɗaura masa gungume ya ja. Garma ita ce ƙarshe. Wanda aka ɗaura wa garma ranar farko, ƙarar ƙarfen nan a bayansa ta firgita shi, har ya tsufa in ya hango ta sai ya kwanta, ko dukansa za ka yi. Na ce ya cire komai daga allon nan ya bar hoto ɗaya.

"Baba, yanzu Inna kake haɗawa da shanu?"

"Ban haɗa ta da shanu ba. Labarin tsoro nake ba ka."

"To in ƙishi ya kama ta fa? In wani wuri yana mata ciwo, da me za ta faɗa? Duk abin da ke ciki don tana bukatarsa na sa."

"Jiya duk suna ciki, me ta faɗa da su? Ni zan zauna kusa da ita, in tana son abu zan gane."

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce sunayen zai cire, wannan kuskurensa ne, amma sauran a bar su. Na ce hoto ɗaya, ko kuma allon ya koma Kano. Ya ɗauka ya tafi ko abincin rana bai ci ba. Na san abin da yake ji, a wurinsa ba allo uwarsa ta ture ba, shi ta ture, ni kuma na zo na ƙara masa.

Alkawarin da na yi na zama kusa da ita ba ƙaramin abu ba ne, don damina ta kankama. Na tura shanuna gidan Yaya Tanko, 'ya'yansa suka yi aiki da su, bayan sun gama tasu suka yi mini huɗar 'yar gonar bayan gida. Babbar gonata ta tudu ba a noma ta ba, saura ta kwana, ina hango ciyawa tana cinye ta daga zaure. Mutanen da nake wa huɗa duk shekara suka nemi wasu, kuma da yawansu ba su dawo ba har yau. Mutumin da bai taɓa yin hantsi a cikin gida ba, sai ga ni a kan tabarma a ƙofar ɗakin mace, mata suna shigowa suna tsallake ƙafata. An yi mini dariya a majalisa, na ji, kuma ta yi mini zafi.

Bayan 'yan kwanaki direban bas ɗin Ɗambatta ya sauke mana allon. Kabiru bai haɗo da ko gaisuwa ba, amma ya yi abin da na ce. Wurin hoto ɗaya ne babba, ya cika fuskar allon, ko ina yatsa ya sauka shi zai taɓa. Sauran abubuwan ya ɓoye su a bayan wata ƙofa da Safiya kaɗai ya koya wa buɗewa, ya kasa su mataki-mataki. Da Safiya ta buɗe ta karanta mini sunayen da ya raɗa wa matakan sai ta kasa riƙe dariya. Na farko Igiya, na biyu Karkiya, sai Gungume, sai Garma. Na gane baƙar magana ce ya aiko mini, na kuma karɓa.

Saura me hoton zai ce, kuma da wace murya. Safiya ce ta kawo dabarar. Innarku ba ta taɓa riƙe waya ba, amma shekara da shekaru tana sa Safiya ta danna mata ta yi saƙon murya zuwa ga dangi, kuma yarinyar ba ta goge ko ɗaya ba. Ashe muryar matata tana nan a ajiye cikin wayar 'yarta, da faɗanta da dariyarta. Safiya ta so a fara da ruwa. Na ce a'a, ruwa muna ba ta ko ba ta tambaya ba, abin da ba wanda zai iya yi mata shi ne amsa gaisuwa. Muka yi ta saurare har muka samu wani saƙo da ta aika wa ƙanwarta lokacin da ita Innarku ta yi ciwon gwiwa. Safiya ta tura wa Kabiru, ya yanko wurin ya sa a allon daga can Kano.

Ban miƙa mata ba. Na ajiye shi a kan tabarma kusa da ni kamar ba nata ba ne. Da Iya Mairo maƙwabciyarmu ta shigo ta ce ya jiki, sai na sa yatsana mai kaushi na danna. Muryar Innarku ta cika ɗakin, ita ɗin dai, da ɗan jan nan da take yi a ƙarshen magana:

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta juyo daga bango. Ta dubi allon, ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, ana gaisuwa ina dannawa, kullum ina ɗan matsar da allon kusa da hannunta na hagu, ban taɓa ce mata ta gwada ba. Wata safiya Iya Mairo ta sake shigowa, ni kuma ina fama da tsinke a haƙori, kafin in sauke hannu sai na ji amsa ta fito. Iya Mairo ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fara ajiye ƙwarya, sannan ta tsaya cak ta dubi hannun da ke kan allon. Ranar Innarku ta shanye kununta, ta kuma miƙa kofin a ƙara.

Yanzu zan faɗa muku abin da hoto ɗayan nan ya jawo, don in na ɓoye shi labarin ya zama na yabon kai. Ba a daɗe ba wata rana na ga ta ƙi sakewa, tana ta motsi. Na kira sunanta na ce, Ladi, lafiya? Ta danna, da sauƙi, alhamdu lillahi. Na kawo ruwa ta kau da kai. Na gyara matashi, na kira Safiya ta juya ta. Ta sake dannawa, ta sake, ta sake, muryarta tana ta cewa da sauƙi, hawaye kuwa yana bin kuncinta. Ita ke nan kalmar da na bar mata, da ita take kiran taimako. Sai washegari da kuncin ya kumbura muka gane haƙori ne ya ruɓe, muka ɗauki mota zuwa Ɗambatta aka cire. Na ce zan gane, ban gane ba. Har yau in na tuna muryar nan tana cewa da sauƙi sai in ji abinci ya fita raina.

Kabiru ya kira ta wayar Safiya, ya ce a ba ni.

"Baba, abin da na faɗa ke nan."

"Shi ka faɗa. Ka buɗe mata na ciwo, kuma kada ka sake rufe shi, ko a wane mataki."

"Sauran fa?"

"Sauran suna nan a rufe."

Ya kashe wayar. Da Babbar Salla ya aiko da rago, shi bai zo ba. Ranar na ga Innarku tana kallon ƙofar ɗaki tun safe har la'asar. Ku da kuke cewa ya juya mata baya, ku sani duk kalmar da aka ƙara a allon nan shi yake yanko ta ya gyara ya turo, wani lokaci kafin Safiya ta gama sallar azahar ya gama. Da ni yake fushi, kuma yana da hujjarsa. Ni ma ina da tawa, don na tabbata da an mayar mata da kayan kolin nan gaba ɗaya, da ba ta sake taɓa allon ba ko haƙora nawa za su ruɓe.

Daga nan muka ci gaba a hankali. Ƙa'idata ita ce ba a ƙara sabo sai na ga hannunta ya daina karkarwa a kan na da, ta fara laluben gefen allon kamar mai neman wani abu. Hoto biyu suka zama huɗu. Muka koyi wani abu kuma, duk kalmar roƙo ba ta son ta. Aka sa mata ina son abinci, ko sau ɗaya ba ta taɓa ba. Amma da Safiya ta tono wani saƙo inda take cewa a rage gishiri, ranar aka ji shi ya fi sau goma, har da lokacin da ake shan koko. Aka sa a ɗaure awakin nan. Aka sa wa ya bar ƙofa a buɗe. Gidan da ya yi shiru tun bazara ya dawo da faɗansa, ban taɓa jin daɗin a yi mini faɗa ba sai a daminar nan. Da muka kai ga jan shafi da yatsa, abin da ya rikita ta ranar farko, sai ta ɓace a ciki ta fara huci, na ce Safiya ta mayar da shi a rufe. Muka bari sai da gero ya fara fitar da kai, sannan aka sake buɗewa da shafi biyu kawai, ta kuwa wuce kamar ba ita ba. Ni ma da nake ta ba da umarni a gefe ake koya mini, don kafin shekarar ko kiran waya sai an danna mini, Safiya ta ce ni har yanzu ina matakin Igiya.

Innarku ta fara zama da kanta, ta yi ƙiba, ana fito da ita inuwa tana tsinto tsakuwa daga wake da hannun hagu. Karatun Alƙur'ani ya dawo allon, ƙararrawar magani ta dawo, kiran waya ya dawo, kowanne a ranarsa, kuma babu wanda ya firgita ta. Daga baya na ji Kabiru ya sake gina manhajar gaba ɗaya a kan haka. Yanzu duk wanda aka ba ita, da hoto biyu yake farawa, gaisuwa da ciwo, ita da kanta take lura in hannun mutum ya zauna ta buɗe masa na gaba, kuma akwai masu irin lalurar Innarku a garuruwan nan da suke amfani da ita. Sunayen matakan ma bai canja ba.

Mataki na ƙarshe, Garma, shi ne wanda mutum zai zaɓi maganarsa da kansa, a yanko ta a nan gida a sa mata hoto, ba sai an tura Kano ba. Safiya za ta zauna ta riƙa kunna tsofaffin saƙonni, in Innarku ta ji wanda take so sai ta buga tabarma. Wata rana na dawo daga masallaci na tarar da su su biyu, Safiya tana share ido. Na tambaya aka ce ba komai, maganar mata ce. Ban matsa ba.

Da kaka, ana yankan gero, ɗan abin da gonar bayan gida ta ba ni ko rabin rumbu bai cika ba, sai ga Kabiru da hantsi ba tare da ya aiko ba. Ya gaishe ni a zaure, gaisuwa mai sanyi, na amsa da irinta. Muka shiga. Innarku tana zaune a inuwar ɗakinta, allon a cinya, Safiya tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya san wannan, shi ya yanko ta. Ya fara shirin miƙewa, don iyakar abin da ke shiga tsakaninsu ke nan tun yana yaro. Sai na ga ta kau da fuska gefe kamar yadda take yi in yana wuri, hannun kuwa yana kan allon. Ta ja shafi, ta sake ja, ba ta ko duba sosai ba. A can ƙarshe akwai hoto ɗaya shi kaɗai, hotonsa ne, wanda ya sa ranar farko, babu suna a ƙarƙashinsa. Ta danna. Wani tsohon saƙo ne da ta taɓa yi wa Safiya ta wayar maƙwabta lokacin tana makaranta a Kano, wanda ba a taɓa tura masa ba:

"Ki gaya wa yayanki na ga aike. Ki ce ya rage aikin nan ya riƙa cin abinci, na ga ya rame. Ki ce Allah ya yi masa albarka, ni dai bai taɓa ɓata mini ba."

Kabiru ya koma ya durƙusa. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya sa hula ya rufe fuska. Safiya ta ajiye gyaɗar, ta juya gare shi da gaske, kamar yadda aka saba a gidan nan, ta ce:

"Yaya, Inna ta ce in gaya maka..."

"Na ji, Safiya," ya ce. "Na ji da kunnena."

Innarku ba ta juyo ba. Ta ja shafi baya, ta danna wanda take danna wa kowa in rana ta take, muryarta ta ce a zuba abinci. Aka zuba masa, ya zauna a nan ƙofar ɗakinta ya cinye tas, tana kallonsa ta wutsiyar ido.